Zaman omakase a gidajen sushi na Tokyo: me ake ci, me ake biya, kuma ina Musulmi zai yi hattara?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambayata ga waɗanda suka san Japan da harkar abincinsu. Gidajen sushin nan na unguwar Ginza da ba a ba mutum takardar zaɓen abinci, kuku ne ke miƙo abin da ya ga dama, har a caji mutum yen 30,000 ko 40,000 a zama ɗaya, me ake ci a ciki takamaimai? Yaya ake samun kujera? Sannan Musulmi zai iya zama ya ci hankali kwance? Don Allah a yi bayani dalla-dalla, ba "akwai daɗi" kawai ba.

Kukun Otal:
Wa alaikumus salam, Baban Ilham. Tsarin sunansa omakase. Kanta ce guda ɗaya ta katakon hinoki, kujeru 8 zuwa 10, babban kuku yana tsaye a gabanku da wuƙarsa da akwatin kifinsa. Gidaje da yawa yanzu zama biyu suke yi a dare, misali ƙarfe 6 da kuma 8 da rabi, kuma kowa tare yake farawa. Wanda ya makara, abin da ya wuce ya wuce shi. In lattin ya yi yawa, wani gidan zai ɗauka ka fasa ne, ya cire kuɗinsa cif.

Abincin kashi biyu ne. Da farko tsumami, ƙananan abubuwa kamar 5 zuwa 8 da ba shinkafa: yankan ɗanyen kifi, tako, dabbar teku mai ƙafa takwas, da aka dafa har ya yi laushi, awabi (dangin dodon koɗi na teku) da aka turara, hantar kifi da ake kira ankimo, wani lokaci da ƙwai da aka turara da romo a ɗan kofi. Daga nan sai nigiri, wato lomar shinkafa da yankan kifi a kanta, guda 10 zuwa 15, ana ajiye maka ɗaya bayan ɗaya. Jerin da aka fi sabawa da shi: farin kifi marar maiƙo irin hirame ko tai, sai ika (ɗan'uwan tako, mai farar tsoka), sai babban kifin nan tuna kashi uku (akami jar tsoka, chutoro mai matsakaicin kitse, otoro tumbin da ya fi kitse), sai kohada mai tsami ya wanke maiƙon daga baki, sai jatan lande da ɗuminsa, uni (cikin wata dabbar teku mai ƙaya kamar bushiya), anago (dogon kifin teku mai siffar maciji), naɗin shinkafa a ganyen teku da ake kira nori, romon miso na waken suya, a rufe da tamago, wainar ƙwai mai zaƙi. Kowane kuku da nasa jerin, amma dalilin ɗaya ne: kada mai ƙarfin ɗanɗano ya danne marar ƙarfi. Zaman yakan ci kusan awa 2.

Ɗan Kwari:
Ku yi haƙuri, amma ni ban ga abin yen 40,000 a nan ba. Ba a hura wuta ba, ba a zuba mai ba, an yanka ɗanyen kifi an ɗora a kan shinkafa. Kuɗin suna ne da kuɗin hayar Ginza, shi ke nan.

Maman Hanifa:
Ɗan Kwari, hayar Ginza tana ciki, ba musu. Amma cewa ɗanyen kifi ne aka yanka kawai, nan ka kuskure. A cikin abu 20 da za a ba ka, ƙalilan ne ba a yi wa wani aiki ba. Wannan salo na Edomae ya samo asali ne a Edo, tsohon sunan Tokyo, wajen shekarun 1820, kuma wani mai sana'ar sushi, Hanaya Yohei, ake jingina wa shi. Lokacin ba firij, don haka kowane kifi sai an nema masa dabarar da zai daɗe: gishiri, ruwan khal (wato vinegar), jiƙawa a ruwan shoyu (baƙin ruwan ɗanɗano na waken suya), dafawa, turarawa. Firij ya zo, dabarun suka zauna, domin su ne ke fito da ɗanɗanon.

Ɗauki kohada, ɗan kifi mai fatar azurfa, wanda a kasuwa ba shi da wata tsada. Ana fere shi, a cire ƙaya, a barbaɗa gishiri a bar shi daga kusan minti 15 zuwa sama da awa 1, gwargwadon girmansa da maiƙonsa da zafin ranar. A wanke, a jiƙa a khal, a tsane, sannan a kwantar da shi kwana 1 zuwa 3. In khal ya yi yawa, tsokar ta yi fari fat ta bushe, tsami kawai za ka ji. In gishiri ya gaza, ƙarni ya tsaya. Ba agogon da ke faɗa wa kuku lokacin, da ido da yatsa yake ganewa. Shi ya sa masu sanin harkar da kohada suke auna gida, ba da otoro ba. Otoro duk mai kuɗi zai iya sayo mai kyau.

Sannan tun a kan jirgin ruwa aikin ke farawa. Kifin kirki ana yi masa ikejime: a soka ƙarfe a ƙwaƙwalwarsa ya mutu nan take, a yanke jijiya a zubar da jini, a zura waya ta cikin ƙashin baya a kashe lakar. Kifin da aka bari yana ta fizge-fizge har ya mutu ya ƙone ƙarfin da ke cikin tsokarsa, jini ya kwanta a ciki, ya yi saurin lalacewa.

Ɗan Kwari:
To Hajiya, ai na ɗauka duk alfaharinsu shi ne kifin yau aka kamo shi. Yanzu kuma kina cewa kwana 3?

Maman Hanifa:
Wannan ita ce babbar rashin fahimtar da mutane ke yi. Farin kifi da aka kashe yau tauri gare shi, kuma kusan lami ne. Bayan mutuwa, sinadarin ƙarfi da ke cikin tsoka yana narkewa ya koma wani sinadari, inosinate, wanda shi ne ke ba da ɗanɗanon nan mai cika baki. Don haka hirame da tai ana naɗe su a takarda a ajiye a sanyi kusa da sifili, kwana 1 zuwa 3, ana canja takardar kullum. Babban tuna yakan kai mako 1, wasu har 2. Wani lokaci a sa farin kifin tsakanin ganyen teku biyu da ake kira kombu na wasu awanni ko kwana guda: ganyen ya tsotse ruwa, ya bar nasa ɗanɗanon. In aka wuce lokaci, tsokar ta yi danƙo, ɗanɗanon ganye ya rufe na kifi.

Waɗanda ake so sabo fil su ne dangin kifin ɓawo, da ƙananan kifaye masu saurin lalacewa irin aji da iwashi.

Kukun Otal:
Duk abin da Maman Hanifa ta faɗa haka yake, amma ni a wajena shinkafa ce ke raba gidan yen 5,000 da na 40,000. Su kansu masu sana'ar suna ba shinkafa fiye da rabin makin.

Gajeriyar shinkafar Japan ce, kuma da yawa sun fi son wadda ta kwana biyu a rumbu, don ta fi shan khal ba tare da ta caɓe ba. Ana dafa ta da ruwa ƙasa da na shinkafar ci. Da zafinta ake juye ta a faffaɗan akushin katako, a kwara haɗin khal da gishiri, a riƙa yanka ta da gefen muciya. Ba a tuƙa ta. In ka tuƙa, ƙwayoyin su farfashe, sitacin ya fito, ta zama tuwo. Ma'aunin da ake koyarwa na gida: ɗanyar shinkafa giram 450, khal wajen mililita 60, sukari babban cokali 2 zuwa 3, gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi. Manyan gidajen Edomae suna rage sukarin sosai, wasu ba sa sa wa ko kaɗan, musamman masu amfani da jan khal da ake kira akazu. In ka ga shinkafar ta yi launin ƙasa-ƙasa, shi ne.

Sai zafi. Ana riƙe ta a ɗumin jikin mutum cikin ƙaramin akushi mai murfi, kuma za ka ga yaron kuku yana sauya akushin sau da yawa a zama guda, kaɗan-kaɗan ake kawowa. Shi kuma kifin ana fito da shi daga sanyi tun kafin lokacinsa, musamman otoro, domin kitse mai sanyi ba ya narkewa a harshe, sai ka ji kamar kakin zuma kake taunawa.

Lomar kanta giram 10 zuwa 15 ce. Ana dunƙula ta da taɓi kaɗan, wajen ya kama, cikin da iska. Ka lura sosai lokacin da kuku ya ajiye ta a gabanka, za ka ga ta ɗan nutsa ƙasa da kanta. To daga wannan lokacin agogo ya fara bugawa. Kamar wainar da aka kwashe daga tanda ce, minti biyu ya isa ya mai da ita wani abu dabam: shinkafa ta huce ta yi tauri, saman kifin ya bushe, miyar da aka shafa ta gangara ta jiƙa ƙasan. Ka ɗauka cikin daƙiƙoƙi, loma ɗaya, kada ka gutsura biyu. Mai tsayawa gyara hoto shi ke zubar da kuɗinsa da hannunsa.

Baban Ilham:
Madalla. Da hannu ake ci ko da tsinkayen nan nasu?

Kukun Otal:
Nigiri da hannu ya halatta a al'adarsu, har ma za a ajiye maka ɗan jiƙaƙƙen ƙyalle na goge yatsu. Ka sa hannun dama, yatsu uku, ka ɗauko ta gefe a hankali. Tsumami ne ake ci da tsinke. Ba ruwanka da tsoma komai a shoyu, kuku ya riga ya shafa da burushi, ya kuma sa wasabi, koren yajinsu mai hawa hanci, tsakanin kifin da shinkafar. In ba ka son wasabi ka ce "sabi nuki". In ka ji ciki ya fara cika ka ce "shari koma", zai rage maka girman shinkafar. Wannan ya fi ka bar loma a kan faranti. Jiƙaƙƙiyar cittar da ke gefe ta wanke baki ce tsakanin kifi da kifi, ba a ɗora ta a kan sushi.

Almajirin Fiƙihu:
Assalamu alaikum. Bari in taɓa tambaya ta uku, don ita ce ta fi nauyi. Ta fuskar dabbobin ruwan kansu, mu mabiya Malikiyya ba mu da matsala. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, hadisi kuma ya tabbatar da cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Don haka tako, ika, uni, kaguwa, jatan lande, duk sun shiga, kuma ba a bukatar yanka. Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi zalla, suka yi saɓani a kan jatan lande. In kana tare da abokin tafiya ɗan Pakistan ko Turkiyya, ka san da wannan.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ake shafawa da abin da ake dafawa da shi. Malam Kuku, ka lissafa mana wuraren da giya ke shiga, sai mu san a kan me muke magana.

Kukun Otal:
Allah ya gafarta Malam, wuraren suna da yawa, kuma ba a rubuta su ko'ina. Abu biyu ne: sake, giyar shinkafa mai ƙarfin kusan kashi 15 cikin 100, da mirin, mai zaƙi, kusan kashi 14.

Na farko nikiri, miyar da ake shafa wa kusan kowace loma. Shoyu ne aka haɗa da sake ko mirin ko duka biyun, aka tafasa don barasar ta tashi. Tafasawa tana rage ta sosai, amma kada wani ya ce maka ta kore ta ƙaf. Na biyu romon da ake dafa anago da tako a ciki, da baƙar miya mai kauri da ake ɗiga wa anago, daga wannan romon ake ƙafe ta. Na uku awabi da ankimo, galibi da sake ake turara su ko a jiƙa su. Na huɗu tunan da aka jiƙa, wato zuke, da ƙwan kifi ikura, a haɗin shoyu da sake suke kwana. Na biyar tamago, yawanci akwai mirin a ciki. Shi kansa shoyu na asali yana da ɗan abin da ruɓawar waken suya da alkama ta haifar, wasu kamfanonin ma suna ƙara barasa don kada ya lalace. Akazu kuwa daga dusar da ta rage bayan an tace sake ake yin sa, a ajiye ta shekaru, sannan a mai da ita khal.

Naman alade ba kasafai yake shiga irin waɗannan gidaje ba. Amma wasu na zamani suna sako yankan naman shanun wagyu a tsakiya, wanda ba yankan Musulunci ba ne sai in an nuna shaida.

Almajirin Fiƙihu:
To a raba su gida biyu. Khal hukuncinsa dabam. Giyar da ta rikiɗe da kanta ta zama khal, malamai sun haɗu a kan halaccinta, domin ta zama wani abu dabam. Saɓanin yana kan wadda mutum ya mayar da gangan: Hanafiyya sun halatta, Shafi'iyya da Hanabila sun tsananta in an zuba wani abu a ciki don a juya ta, a Malikiyya kuma akwai ruwayoyi. Mutane da yawa a yau suna cin khal na kasuwa a kan fahimtar cewa ya riga ya rikiɗe.

Amma sake da mirin da aka ɗauko a matsayinsu na abin sa maye aka zuba a tukunya, wannan ba rikiɗa ba ce, girki ne da giya. Hukumomin ba da shaidar halal ba sa amincewa da shi, ko an tafasa. Ni abin da nake gani, a nisance shi. Wanda yake da malamin da yake bi, ya kai masa bayanin nan na Malam Kuku yadda yake, kada ya je ya ce "kifi da shinkafa ne kawai", don fatawa gwargwadon tambaya take fita.

Ɗan Shinjuku:
Malam ya gama magana. Ta ɓangaren aiki, ga yadda ake yi. Batun nan tun wajen kama kujera ake faɗinsa, a rubuce, ba ranar cin ba. Kada ka rubuta "halal" kawai, da yawa ba su san iyakarsa ba, wasu za su ɗauka alade kaɗai kake nufi. Ka rubuta a fili cewa ba ka cin duk abin da aka sa wa sake ko mirin ko da an dafa, kuma ba ka cin nama. Amsa iri uku ake samu. Wasu su ce ba za su iya ba, kuma wannan gaskiya ce ba wulaƙanci ba, tun da romon anago da tamago na kowa da kowa ake yi tun safe. Wasu su yarda su ba ka nigiri da gishiri da ɗigon lemon sudachi maimakon nikiri, su musanya anago da tamago da wani abu. Wasu su ce ka zo da naka shoyun. Akwai mai shaidar halal a Japan, kamfanin Kikkoman ma suna yi. Amma kada ka fito da kwalba daga aljihu ba tare da an yi da kai tun farko ba.

A sani kuma, su sauran baƙi za su sha giyarsu a kanta ɗaya da kai, kafaɗa da kafaɗa. Wanda wannan ya dame shi ya nemi gida mai keɓaɓɓen ɗaki, sai dai a ɗaki sushin a faranti yake zuwa, ka rasa rabin abin da ka biya. Abin sha sai ka ce koren shayi ko ruwa.

Ɗan Kwari:
Ka ga ni ko? A cire nikiri, a cire anago, a cire zuke, a cire tamago, kuma farashi bai ragu da ko yen ɗaya ba.

Maman Hanifa:
A nan kam kana da gaskiya, ba a ragi. Farin kifi, ika, uni da jatan lande ba su rasa komai da gishiri da lemo, wasu kukun ma haka suke ba kowa. Akami ne ke jin rashin shoyu. Shi ya sa ni shawarata mai wannan sharaɗi kada ya fara da gidan 40,000. Ya nemi zaman rana, inda ake samun nigiri zalla daga kamar yen 8,000 zuwa 15,000, ba tsumami, wanda dama a nan aka fi zuba sake.

Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye: turare. Ba a shiga gidan sushi da ƙamshi, wasu gidajen a ƙofa suke mai da mutum. Ɗakin ƙarami ne, kuma rabin ɗanɗanon ta hanci yake shiga. Mu kuwa ba fesa turaren ranar ne kaɗai ba, kayanmu sun sha turaren wuta da humra a cikin akwati. Shaddar da aka turara da oud ko an yi mako ƙamshin yana nan. A ware kaya ɗaya da ba a turara ba, a sa shi a leda dabam tun daga gida. Man shafawa mai ƙamshi ma a bar shi, musamman a hannu, tun da da hannun za a ci. Agogo da awarwaro a cire, waya kada a ɗora ta a kan kanta. Hinoki katako ne mai taushi da ba a yi masa fenti, da hannu ake goge shi kullum, ƙarfe kaɗan ya taɓa shi sai ya bar tabo.

Likitar Gida:
Ni ɓangaren lafiya zan ƙara. Abin da aka fi gamuwa da shi a Japan tsutsar anisakis ce, fara, tsawon santimita 2 zuwa 3, tana zama a hanjin kifin teku irin saba, aji, sanma, katsuo da ika. In kifi ya mutu ba a yi saurin cire kayan cikinsa ba, sai ta ratsa ta shiga tsoka. Wanda ya haɗiye ta da rai, bayan wasu awanni zai ji ciwon ciki mai tsanani da amai, kuma da na'urar leƙa ciki ake zaro ta. Khal, gishiri, shoyu da wasabi ba sa kashe ta. Abin da ke kashe ta zafin digiri 60 na minti 1, ko daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24, wanda shi ne ma'aunin Japan da Turai. Hukumar abinci ta Amurka kwana 7 ta ce a wannan sanyin. Manyan gidajen Tokyo da yawa ba sa daskarar da kifinsu, sun dogara ga saurin fere shi, da duba shi da ido, da tsattsaga ika da wuƙa siri-siri. Haɗarin kaɗan ne a gidan kirki, amma ba sifili ba ne.

Mai juna biyu, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, da mai ciwon hanta, su haƙura da ɗanye. Mai juna biyu ta kuma kula da babban tuna saboda sinadarin mercury. Mai ciwon suga ya lissafa: loma 15 sau giram 12 ya kai giram 180 na farar shinkafa, wani lokaci da sukari a ciki. Wanda jatan lande ko kaguwa ke tayar wa borin jini ya faɗa tun wajen kama kujera, domin a irin wannan tamagon ana niƙa jatan lande a ciki, kuma ba za ka gan shi ba.

Ɗan Yawuri:
Likita, to mu da muke da giwan ruwa da karfasa sababbi daga kogi, ba za mu iya gwadawa a gida ba?

Likitar Gida:
A'a, ƙanina, ko kusa. Kifin ruwan daɗi yana ɗauke da tsutsotsin da ke iya zama a jikin mutum su rayu, ga kuma ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan. Firizar gida da wuta ke zuwa tana ɗaukewa ba za ta riƙe sanyin da na faɗa ba. Su kansu gidajen Edomae kifin teku suke amfani da shi. In kana son gwada hannunka, yi shinkafar yadda Malam Kuku ya faɗa, ka ɗora dafaffen jatan lande ko wainar ƙwai.

Baban Ilham:
Allah ya saka. Saura samun kujera. Na ji ana maganar gidan Jiro, inda Obama ya ci.

Ɗan Shinjuku:
Sukiyabashi Jiro ke nan, a ƙarƙashin wani gini kusa da tashar Ginza, kujeru 10. Obama da Shinzo Abe, firaministan Japan na lokacin, sun ci a can a Afrilun 2014. Cire shi daga lissafinka. A ƙarshen 2019 littafin Michelin mai ba gidajen abinci taurari ya fitar da shi, shi da Sushi Saito, ba don abincin ya lalace ba, sai don sun daina karɓar kowa da kowa. Manyan gidaje da yawa haka suke, sai tsohon baƙo ya gabatar da kai. Kuma zaman Jiro kusan minti 30 ne, loma 20 a jere, ba wurin mai koyo ba ne.

Hanyoyin da ke aiki: shafuka irin Omakase, Pocket Concierge, TableCheck da Ikyu, ko ma'aikacin babban otal ya kira maka da Japananci. Wannan ta biyun ta fi dacewa da mai sharaɗin sake da mirin. Ka fara nema wata 1 zuwa 3 kafin tafiya. A shafin Tabelog, inda masu ci ke ba gidajen abinci maki cikin 5, kada makin ya ruɗe ka, Japanawa ba sa rabon maki, gidan da ya kai 3.5 ya yi kyau, 4 kuwa ƙalilan ne. Za a riƙe lambar katinka, in ka fasa a ranar galibi kuɗin duka za a cire, a kan kowace kujera.

Babbar kasuwar kifin Tokyo ta tashi daga Tsukiji ta koma Toyosu a Oktoban 2018. Ba ta ci ran Lahadi da wasu Larabobi, gidaje da yawa suna rufewa tare da ita, haka ma hutun sabuwar shekara da tsakiyar Agusta. Ka duba lokacin magariba kafin ka zaɓi zaman ƙarfe 6, don a lokacin zafi tana faɗowa a tsakiyar cin, kuma ba a tashi a dawo. A hunturu kafin ƙarfe 5 rana ta faɗi, ka yi sallarka ka tafi.

Ɗan Kwari:
Salmon fa? Duk lissafin nan ban ji an ambace shi ba, alhali a Dubai shi ne sushi.

Kukun Otal:
Kada ka tambaye shi a gidan Edomae, da yawa ba sa ajiye shi. A da can Japanawa ba sa cin salmon ɗanye saboda tsutsar da ke cikin na tekunsu. Norway ce ta yi ta tallata nata na kiwo tun daga tsakiyar shekarun 1980, ya karɓu a shekarun 1990, galibi a gidajen araha masu faranti a kan bel. Abin da za ka samu ya danganta da watan da ka je: hunturu na buri da hirame da saba da tunan garin Oma na arewacin Japan ne, bazararsu ta sayori da katsuon farko, tsakiyar zafi na aji da anago da jariran kohada da ake jera uku ko huɗu a loma guda, kaka kuma sanma da sabon ikura.

Alamu biyu na gane gida cikin sauri. Wasabi: na gaske saiwa ce da ake nomawa a ruwan dutse mai gudu a Shizuoka da Nagano, a gabanka ake goga ta a kan fatar kifin shark, ƙamshinta kuma bai wuce kwata na awa ya gudu. Koren ƙullun nan mai hawa ƙwaƙwalwa wani tushe ne dabam da aka rina. Sai uni: in ka ji ɗaci kamar na ƙarfe a bayan harshe, alif ɗin da ake sa masa don kada ya narke ne ya yi yawa.

Maman Hanifa:
Tunan Oma da ka ambata, kada mutane su ɗauka farashin gwanjon sabuwar shekara shi ne farashin kifi. Wanda Kiyoshi Kimura na Sushi Zanmai ya saya a Janairun 2019, kilo 278 a kan yen miliyan 333.6, kuɗin talla ne. Kuma ni har gobe akami mai kyau ya fi min otoro. Otoro loma ɗaya ta isa, ta biyu gundura ce.

Kukun Otal:
A nan ba mu haɗu ba, Hajiya. Otoro a kan shinkafar akazu mai ɗumi, tsamin yana yanka kitsen, ba ya gundura. Wanda ya gundure ki an ba ki shi da sanyi ne, ko shinkafar ta cika zaƙi.

Ɗan Shinjuku:
Ku bar wa Baban Ilham ya raba muku gardama in ya ci. Na ƙarshe daga gare ni, biyan kuɗi. Bayan tamago kuku zai tambaya ko akwai mai ƙari. Duk lomar da ka maimaita ana lissafa ta dabam, kuma ba a faɗin farashi, uni ko otoro guda na iya kai yen dubu biyu ko uku. Ka tabbatar tun farko ko farashin da ka gani ya haɗa da harajin kashi 10, wasu kuma suna ɗora wani kashi 10 na hidima. Takardar kuɗin sau da yawa jimla ce kawai aka rubuta da hannu a ɗan guntun takarda. Ba a ba da tukwici, in ka bari za a biyo ka da shi har titi. Tsofaffin gidaje har yanzu akwai masu karɓar tsabar kuɗi kaɗai, kuma ba kowane katin bankin Najeriya ne ke wucewa a waje ba, don haka ka riƙe yen a aljihu da ya haura lissafinka da kamar 10,000.